Kasuwar Dole a Lokacin Kaka

Alhamis ce babbar ranar cin kasuwa a Damagaram. Tun kafin rana ta ɗaga amalanken shanu da na jakuna ke shigowa daga ƙauyukan kewaye, motoci kuma daga Tanut da Gure da Magarya da Matamaye, kowa ɗauke da abin da damina ta ba shi. Idan aka shiga watan Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, an girbe gero, an roro wake, an cire gyaɗa, to a lokacin ne Kasuwar Dole ke cika maƙil, har mai tafiya a ƙasa ma sai ya yi ta neman gafara kafin ya samu wurin sa ƙafa.

Ni neman aure ne ya kai ni. Wadda nake nema 'yar garin ce, na je gaishe da iyayenta, suka haɗa ni da ƙanenta ya zaga da ni gari. Mu mutanen Kano mun saba jin sunan Zinder, wato Damagaram, kamar wani zango da ake ratsawa a kan hanyar Agadas, alhali tsakaninmu da ita bai fi kilomita 240 ba, ta Daura da Kwangwalam. Kasuwar ce ta nuna mini girman garin.

Layin hatsi shi ne zuciyarta a wannan lokaci. Mai awo na zaune a kan buhu, ya cika tiya da gero har ta yi tozo, ya tare gefe da tafin hannu, ya juye a buhun mai saye, yana ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. In an gama sai ya ƙara ɗan gyara. Ciniki da sefa ake yi, amma lissafi da dala: dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000. Shi ya sa 'yan canji ba sa nisa da wurin, domin fataken Najeriya da ke zuwa sayen wake da riɗi da naira suke tahowa.

Wani dattijo da ya kawo gero ya ji yadda nake magana, ya dube ni ya ce, “Samari, daga Kano?” Na ce, “I, Baba.” Ya ce, “Ku ne kuke sa wake tsada.” Na tambaye shi ko ba zai jira farashi ya tashi ba kafin ya sayar. Ya ce, “Wanda ya ci bashi da damina ba ya jira. Ga kuma auren yarinya.” Maganarsa ita ce gaskiyar kasuwar kaka. Manomi na sayarwa ne lokacin da hatsi ya fi araha, saboda bashi da biki da sutura duk sun taru a kansa. Mai jari ya saye ya jibge a sito, sai bazara ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, ya fito da shi. Sau da yawa wanda ya noma geron shi zai dawo ya saye shi da tsada. Wannan abu ya daɗe yana damuna a kasuwanninmu, kuma na tarar da shi a nan ba sauyi.

Abin da ya bambanta Dole da kasuwannin da na sani shi ne kayan arewa. Ga kantun gishirin Bilma an jera, masu dabbobi na tayawa. Ga kanwa daga ƙasar Manga, ga dabino, ga cuku busasshe da Buzaye da Fulani ke kawowa, wanda ake dakawa da gero da dabino a yi tukuɗi. Ga jan tattasan Difa, wanda ƙamshinsa ke sa mutum atishawa tun daga nesa. Hamada na da gishiri ba ta da hatsi, ƙasar Hausa na da hatsi tana bukatar gishiri, Damagaram kuma ta zauna a tsakani. A kan wannan musaya garin ya ginu. Yau motoci sun karɓe yawancin aikin raƙuma, amma kayan su ne dai na kaka da kakanni.

A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ayarin fatake kan tashi daga nan da fatu da gashin jimina, su bi ta Agadas har Tarabulus. Baƙin 'yan kasuwa a unguwar Zango suke sauka, inda attajiri Malam Yaro ya yi suna. Faransawa sun ci garin a 1899, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ce hedikwatar mulkinsu kafin su mayar da ita Yamai. A 1911 ɗin dai jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka koma bin hanyar teku, ayarin hamada ya ja baya. Tun daga nan garin ya rasa suna a bakin duniya, amma sana'arsa ba ta mutu ba.

Wurin dukawa na ga haka. Wani baduku ya shimfiɗa jar fatar akuya a cinya, ya huda da basilla, ya zura siririn zaren fata kore, yana fitar da ado a jikin jaka ba tare da ya zana komai ba tukuna. Ƙanen wadda nake nema ya raɗa masa abin da ya kawo ni garin. Sai ya ajiye aiki ya ce, “Ashe surukinmu ne! Zaɓar mata takalmi, Malam.” Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce, “Na sallama, Allah ya sa a yi da mu.” Kaka lokacin aure ne, don haka shi da masu turaren wuta da humra da masu kwanukan jere duk ba sa samun sararin hutawa.

'Yan kasuwar nan sun sha wuya lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Dabbobi da wake sun rasa masu saye, kayan masarufin da ke zuwa daga Kano sun yi tsada, talakan ɓangarorin biyu ne ya ɗanɗana. Duk wanda ke da hannu a yanke irin wannan hukunci, a Abuja yake ko a Yamai, ya kamata ya san cewa abincin gidaje masu yawa a Kano da Damagaram a kan hanya ɗaya yake tafiya, kuma in aka toshe ta babu wanda ke tsira.