Daga Maigatari, ina za ka je kallon namun daji?

Masu tambayata inda za su ga beyar irin na fim, babu shi a dajin Afirka, sai ƙasashe irin su Amurka, Kanada da Rasha. To mu 'yan Maigatari da Gumel fa? Shawarata, ka fara zaɓar dabbar, sannan ka duba lokacinta. In tsuntsaye kake so, ga Baturiya a Kirikasamma, nan Jigawa. Ka je da hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka fadamun Haɗeja. In giwa ce, sai Yankari a Bauchi, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙishirwa ke tara dabbobi bakin kogin Gaji. Da damina kuwa ciyawa ta rufe daji, sai dai ka yi asarar kuɗin mota.