FILIN MANOMA: A Fara Da Kwano Kafin A Sayi Inji

Da an gama kaka, an kai dawa rumbu, sai a ga waɗansu samarin ƙasar Gwarzo da Kabo sun saɓa shebur sun nufi rafi neman zinariya. Wannan sana'a ba sabuwa ba ce a Arewa. Tun wajen 1913 aka fara haƙar zinariya a Nijeriya, ta bunƙasa a shekarun 1930 a wajajen Minna da Birnin Gwari, sa'an nan ta ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya ke sabo shi ne yawan injunan wanki da 'yan kasuwa su ke tallatawa. Manomi ya kan ji labarin wani ya samu, sai ya kai sansa na huɗa kasuwar Getso, ya sayo inji tun bai san abin da ke cikin rafin ba. To, a nan hasara ta ke farawa.

Asirin wankin zinariya ɗaya ne, watau nauyi. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, ta fi yashi kamar sau 7. In aka motsa ƙasa cikin ruwa, yashi ya kan tafi, ita kuwa ta kwanta. Kowane irin kayan wanki, ƙarami ko babba, wannan aikin kaɗai ya ke yi. Inji ba ya haifar zinariya inda babu ita.

Saboda haka kayan farko shi ne kwano mai faɗin baki, ko ƙwarya. Mutum ya ɗebi ƙasa daga wuri goma ko ashirin, musamman ƙasan yashi inda ya taras da dutse ko laka mai tauri, da cikin kwanar rafi inda ruwa ya ke rage gudu. Ya wanke kwano kwano, ya ƙirga ƙwayoyin da ya gani. In ya yi mako bai ga abin kirki ba, ya tsira da sansa.

In wurin ya nuna alheri, sai akwatin wanki. Wannan doguwar magudana ce kamar indararo, ta katako ko ta kwanon rufi, wadda kafinta ko maƙeri na gari zai iya haɗawa. Tsawon ƙafa 6 zuwa 8 ya isa, don mutum biyu su iya ɗauka, ko a ɗaura a babur. A kan shimfiɗa kafet ko buhun algarara a cikinta, a gitta 'yan sanduna, a sa rariya a bakinta don tsare tsakuwa. Wajen kafa ta, a fara da gangare kamar inci ɗaya a kowace ƙafa. In gangaren ya yi yawa, ruwa ya kwashe garin zinariya. In ya yi kaɗan, yashi ya cika kafet, zinariya ta wuce ta samansa. Laka kuwa sai an murje ta sarai tukuna, gama curin laka ɓarawo ne, ya kan naɗe zinariya ya fice da ita. Baƙin yashin da ya rage a ƙarshe, a shanya shi, a jawo mai ƙarfe-ƙarfen da maganaɗisun tsohuwar rediyo.

Babbar tambaya a yammacin Kano ita ce ruwa. Rafukan da ke gangarawa Kogin Calawa na yashi ne, da rani ya yi nisa sai an tona kafin a sami ruwa. Injin ban ruwa mai inci 2 ko 3, irin na 'yan lambu, ya ishi akwati ɗaya. Mai hankali ya kan haƙa rami biyu, ruwan wanki ya kwanta a na farko, a sake jansa daga na biyu. Ta haka ruwa ya daɗe, kuma laka ba ta gangara ta toshe lambun maƙwabci. Amma babbar gangar nan mai huji-huji da inji ke juyawa, ita ce ta fi cin ruwa da mai da kayan gyara. Ba ta mutum ɗaya ba ce, sai ƙungiya wadda ta gwada wurinta ta tabbata.

Akwai abu biyu da bai kamata su shiga kayan kowa ba. Na ɗaya zaiba. Hayaƙinta in an ƙona ya kan taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ya zube kuma ya shiga kifi. Zinariyar yashi ta riga ta rabu da dutse, kwano da haƙuri sun isa su tsince ta. Na biyu, injin niƙa dutse a cikin gida. A 2010 ƙurar irin wannan niƙa ta watsa gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Kada a kai ƙasar haƙa ko tufafin aiki inda yara su ke wasa.

Har wa yau akwai maganar doka. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da a gonar mutum ya ke. Masu ƙaramar haƙa su kan haɗu su yi ƙungiyar gama kai, su nemi lasin. Ya kamata kuma dagaci da mai gona su san da zancen tun ba a soka shebur ba.

Daga ƙarshe, fadama ta fi zinariyar da ke ƙarƙashinta daraja, domin ita kowace shekara ta na ba da albasa da tumatir, zinariya kuwa sau ɗaya a ke ɗiba. Wanda ya haƙa, ya ware baƙar ƙasar sama gefe guda, in ya gama ya cike ramin ya mayar da ita, kada saniyar wani ko ɗan wani ya auka ciki da damina. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah ya ba mai nema sa'a, ya kuma bar masa gonarsa. Amin.