Ko Rana Tana Cinye Guba A Ruwa?

Ran nan da hantsi, sa'ad da yara suka fita shan iska, muka hangi wani ɗan aji huɗu ya kafa kai a wata farar gorar roba yana shan ruwa. Da muka matsa kusa sai muka ga sauran takarda a jikin gorar, da hoton tsutsa, da jan layi a gindinta. Ashe gorar maganin feshi ce. Muka karɓe, muka tambaye shi inda ya samo ta. Yaron ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, ai Mama ta wanke ta da omo, ta kuma shanya ta a rana kwana uku. Ta ce rana ta cinye dafin."

Ba mu yi wa uwar nan dariya ba, gama maganarta ba ta rasa tushe ba. Kowace mace ta san rana tana cin launi, shi ya sa akan juya sabon zane kafin a shanya shi. Launi kuwa sinadari ne, haske ne yake farfasa shi har ya koɗe. To, idan rana tana iya cin launin zane, me zai hana ta cin guba? Masana a ƙasashe da dama sun yi shekara fiye da 40 suna bin wannan tambaya, amsar da suka samu kuwa ta shafi kowane gida.

INA MAGANI YAKE TAFIYA?

Ba dukan maganin da muka haɗiya jiki yake cinyewa ba. Wani kashi yakan fita cikin fitsari da bayan gida. Metfomin, wanda masu ciwon sukari suke sha, kusan yadda ya shiga haka yake fita. Ga kuma wanda asibitoci da masana'antu suke zubarwa, ga maganin kwari da na ciyawa wanda ruwan sama yake wankewa daga gonaki. Duka a rafi suke haɗuwa.

Manyan birane suna da matatun ruwan datti, amma aikin da aka gina su domin su yi dabam ne. Ƙananan halittu ne a ciki suke cinye ƙazantar, kamar yadda taki yake ruɓewa a juji. Magani kuwa an yi shi ne musamman domin ya jure, kada ya lalace a kanti ko a cikin ciki kafin ya yi aikinsa. Saboda haka da yawansu sukan ratsa matatar su wuce lafiya lau.

A shekarar 2022 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila suka buga sakamakon wani babban bincike. Sun ɗebi ruwa a wurare 1,052 cikin koguna 258 a ƙasashe 104. A fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren nan an sami aƙalla magani guda wanda yawansa ya kai abin tsoro. Inda abin ya fi muni su ne Lahore a Pakistan, da La Paz a Bolibiya, da Addis Ababa a Habasha. Tun kafin wannan, a 2007, wani masani daga Suwidin mai suna Joakim Larsson ya gwada ruwan da yake fita daga matatar Patancheru, kusa da Haidarabad a Indiya, inda masana'antun magani wajen 90 suke zuba dagwalonsu. Ya tarar da siprofuloksasin har miligiram 31 a lita guda, watau fiye da abin da akan samu a jinin mara lafiya wanda yake kan shan maganin. Ƙwayoyin cutar da suke zaune cikin irin wannan ruwa sukan saba da maganin, ranar da suka shiga jikin yaro kuwa allura ba ta jin su. An ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani. Ba ruwan datti kaɗai ya jawo haka ba, amma yana da hannu.

Labarin ungulayen Indiya ba ta ruwa ya bi ba, duk da haka ya isa ishara. Makiyaya suna ba shanu diklofenak, maganin ciwon jikin nan da yake a kowane kemis. Saniya ta mutu, ungulu ta ci mushe, ƙodarta ta lalace. Daga farkon shekarun 1990, cikin shekara goma sha kaɗan, fiye da 95 cikin 100 na wasu irin ungulaye uku suka ƙare. Sai a 2004 aka gano dalili, a 2006 kuma Indiya ta hana ba dabbobi maganin.

RANA ITA KAƊAI, DA RANA MAI MATAIMAKI

Wannan diklofenak ɗin ne kuma ya nuna abin da rana take iya yi. A 1998 masana a Switzalan suka lura da wani tafki mai suna Greifensee. Maganin yana shiga tafkin tare da ruwan matatun garuruwa, amma a mafitar tafkin fiye da kashi 90 cikin 100 ya ɓace. Hasken rana ne yake farfasa shi a saman ruwa. A nan maganar uwar ɗalibinmu ta yi daidai. Sai dai ba kowane magani ne haka ba. Karbamazafin, na masu farfaɗiya, taurin kai gare shi: yakan daɗe a ruwa rana tana dukansa bai kula ba, yana kuwa cikin waɗanda binciken York ya fi cin karo da su. Magungunan feshi da yawa ma haka suke. Dole a nema wa rana mataimaki.

An daɗe da sanin mataimakin, ba a dai san amfaninsa ga ruwa ba. A 1894 wani malamin kimiyya a Kambirij, H. J. H. Fenton, ya ga abin mamaki da ya haɗa gishirin ƙarfe da haidirojin feroksaid. Kada sunan ya ba mu tsoro, shi ne ruwan nan da ake zubawa a miki ya yi ta kumfa. In su biyun suka gamu cikin ruwa mai tsami sukan haifi wani ɗan sinadari mai zafin nama ƙwarai, wanda ba ya ko daƙiƙa guda a raye, amma duk abin da ya taɓa sai ya tsinka shi. Haka zai yi ta tsinka maganin gunduwa gunduwa, in an bar shi ya kai ƙarshe ba abin da zai rage sai ruwa, da iskar da muke fitarwa in muna numfashi, da ɗan gishiri.

Matsalar ita ce ƙarfen yakan gaji. Da ya yi aiki sau ɗaya sai ya sāke kama, ya zama kamar laujen da ya dakushe, komawarsa kuma da nawa take. A nan rana take shigowa. Haskenta shi ne dutsen wasawa: yana mai da ƙarfen yadda yake da fari, nan take ya koma bakin aiki, a wajen wasawar ma akan sami ƙarin ɗan sinadarin nan mai tsinka guba. Da haka ƙarfe ɗan kaɗan yakan yi aiki mai yawa muddin rana tana sama.

Akwai wata hanya ta biyu. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka nuna cewa titaniyam dayoksaid, farar hodar nan da take sa fenti ya yi fari, takan farka in haske ya sauka a kanta. Ita ma tana farfasa guba, ba ta kuwa ƙarewa. Amma haske mai ɓoye wanda ido ba ya gani kaɗai take amfani da shi, shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Don haka aikinta ya fi na ƙarfe jinkiri.

ALMERIYA

Wanda yake so ya ga abin nan da idonsa sai ya nufi kudancin Sifaniya, lardin Almeriya. Ƙasa ce busasshiya, har da hamada mai suna Tabernas, rana kuwa takan haska wajen awa 3,000 a shekara. A cikin hamadar akwai tashar binciken hasken rana da ake kira Plataforma Solar de Almería, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980. A bakin teku kuma akwai rumfunan leda na noman tumatir da tattasai da kokwamba, sun rufe fiye da hekta 30,000, har daga sararin sama ana ganin farinsu. Noma irin wannan ba ya rabuwa da feshi, feshi kuwa ba ya rabuwa da gorar da aka juye. Ga rana, ga guba, ga ƙarancin ruwa, duka a wuri guda.

Na'urar da masanan tashar suka gyara ba ta da wuyar ganewa. Bututan gilashi ne a jere, ƙarƙashin kowane akwai lanƙwasasshen madubi na alminiyam wanda yake maido da haske a kan bututun ta kowane gefe. An jingine su suna duban kudu, ba sa bukatar injin da zai riƙa juya su suna bin rana, ko da ɗan gajimare ma suna kama hasken da ya warwatsu. Famfo yana zagaya da ruwan daga tanki zuwa bututai, ya komo tanki, har gwaji ya nuna gubar ta mutu. A 2004 aka kafa irin wannan mai faɗin murabba'in mita 150 a wata masana'anta a lardin, wadda take tattara gorunan maganin feshi daga manoma. Akan daddatsa robar, a wanke ta, ruwan wankin kuma a bi da shi cikin bututan rana.

Mu lura da wannan da kyau. Robar da aka daddatsa, aka wanke da inji, ruwan wankinta ma sai da aka gina masa na'ura.

Ba za mu ɓoye wa masu karatu wahalar abin ba. Ƙarfen ya fi aiki in ruwan ya yi tsami kamar ruwan tsamiya, don haka sai a zuba asid da fari, a ƙarshe kuma a kashe tsamin a tsame ƙarfen. Feroksaid kuɗi ne. Da dare aiki ya tsaya. Abin da ya fi duka haɗari shi ne a tsaya a rabin hanya, gama wani lokaci guntun maganin da aka fasa yakan fi uwarsa dafi, sai da ɗakin gwaji ake sanin an gama. Domin rage tsada, akan farfasa gubar ne kawai har ta yi laushin da ƙananan halittun matata za su iya cinye sauran. A Jami'ar Almeriya kuma an gwada buɗaɗɗun kududdufai marasa zurfi a maimakon gilashi. Duk da haka irin waɗannan na'urori ba su yaɗu ba. Switzalan, wadda dokarta ta 2016 ta sa a ƙara wa manyan matatunta mataki na kawar da ragowar magani, iskar ozon da gawayi na musamman ta zaɓa, domin suna aiki dare da rana. A 2024 Tarayyar Turai ta yi irin wannan doka, ta kuma ce masu yin magani da kayan shafe-shafe su biya aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin. A ganinmu wannan hukunci ya yi daidai.

Mu a nan rana ba ta yi mana rowa ba, fili ma muna da shi. Abin da muka rasa shi ne matakin farko. A yawancin garuruwanmu ruwan datti daga kwata sai rafi. A Kano, ruwan Jakara da yake kwashe dattin birni, da shi masu lambu da dama suke ban ruwa ga latas da alayyafo. Ba a tace ruwan da ba a tara shi wuri guda ba. Amma asibiti guda, ko wurin wanke kayan feshi na babbar gona, ruwansu kaɗan ne, gubarsa kuwa da kauri. A irin waɗannan wurare ne muke ganin ya kamata jami'o'inmu su gwada dabarar Almeriya.

KADA MU HAƊA BIYU

Wasu masu karatu sun san dabarar sa ruwan sha a rana, wadda Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Bairut ya bayyana a farkon shekarun 1980, ake kuma kiranta SODIS. A cika gorar roba garai, wadda ba ta wuce lita 2 ba, da ruwan da ba shi da laka, a kwantar da ita a kan rufin kwano awa 6 cikin rana sosai, ko kwana 2 in da hadari. Wannan yana kashe ƙwayoyin da suke kawo zawo, dabara ce mai kyau. Amma ba ya taɓa maganin feshi. Ruwan rijiyar da guba ta shiga, ko ya wuni a kan kwano, ko an tafasa shi, ba abin sha ba ne.

Gorar feshi kuwa roba ce mai shan abin da aka zuba mata, ta riƙa sakinsa a hankali cikin ruwa ko mai. Da gangan aka yi ta yadda haske ba zai ratsa ba, don kada rana ta lalata maganin. Abin da masana aikin gona suka koyar shi ne, da zarar ta ƙare a zuba ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, a rufe, a girgiza sosai, a juye cikin tankin feshi, har sau 3. Ruwan ya tafi gona, ba bakin rijiya ko rafi ba. Sa'an nan a huda gorar. Ragowar ƙwayoyi da sirof kuma a tambayi ma'aikacin asibiti yadda za a yi da su, kada a tuttule a kwata.

Da yamma muka bi yaron gida, da gorarsa da muka riga muka huda da ƙusa. Uwar ta shimfiɗa mana tabarma, ta saurare mu har ƙarshe. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wasu guda biyu irinta, ɗaya da kananzir, ɗaya cike da man gyaɗa. Ta ce, "Malam, wannan fa? Shekaranjiya na saye shi." Muka ce shi ma ba na ci ba ne. Ta daɗe tana duban man nan, gama kwalba biyu ne cur, sa'an nan ta miƙo mana gorar.