Yadda GoTo da Waya Ke Taimaka wa Masu Duban Wata

Duk yammacin 29 ga Sha'aban, kunnuwan Musulmin Najeriya na fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Sai dai jinjirin wata siriri ne, ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana, ga kuma hazo.

Nan GoTo ke da rana: ƙaramar kwamfuta ce da moto mai juya madubin hangen nesa. A ba ta wuri da lokaci, a saita ta da taurari tun daren jiya, sai ta lissafo inda watan yake ta riƙa binsa. Akwai tsada kam.

Mai waya kuwa, manhajar Stellarium za ta nuna masa sashen da zai duba, muddin ya nisanci ƙarfe don kada kamfas ya rikice. Amma hoton manhaja ba shaida ba ne wurin kwamitin duban wata, sai an ga watan a sama.