Wayar Salula a Gadon Asibiti: Jan Hankali ga Mai Cikin Fari

'Yar'uwa, idan kin shiga ɗakin masu ciki za ki ga 'yan mata masu cikin fari, wasu ba su kai shekara 20 ba, kowace da waya a hannu. Ba mu hana ba. Da ita ake kiran maigida, da ita ake neman mai ba da jini cikin gaggawa. Sai dai akwai abubuwa uku da muke so ki kiyaye.

Na farko, kada ki ɗora wa waya laifin ciwon kai. Sau da yawa yarinya kan ji kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, sai ta ce ai kallon waya ne ya yi yawa, ta yi shiru. Bayan wata biyar na ciki, waɗannan alamu, tare da kumburin fuska da hannu, suna iya nuna hawan jinin ciki. Idan awo ya kai 140 bisa 90, akwai haɗari, kuma yana iya kaiwa ga jijjiga. Ciwon ya fi kama masu ƙarancin shekaru da masu cikin fari. Da zarar kin ji haka, ki kira ungozoma ko da tsakar dare ne.

Na biyu, waya tana ɗauke da ƙwayoyin cuta, domin ko'ina ana shiga da ita, har banɗaki. Bayan haihuwa, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ba da nono ko ki taɓa cibiyar jariri. Kada ki ajiye waya a shimfiɗarsa. Idan an kwantar da shi a ɗakin jarirai, ki bar ta a waje.

Na uku, jikinki yana bukatar barci, awa 8 zuwa 10 ga mai shekarunki. Hira a WhatsApp har asuba tana hana ki hutu, kuma barci na iya sace ki da jariri a hannu.

Ku kuma iyaye da masu jinya, kada ku ƙwace mata wayar da faɗa. Ku lallashe ta ta ajiye bayan sallar isha. Kada a ɗauki hoton wata majinyaciya, kada kuma a sha maganin da aka gani a waya ba tare da an tambaye mu ba.

Allah Ya sauke ku lafiya.