Amsar Wasiƙunku: Me Ke Hana Ruwan Tafkin Wanka Na Gida Lalacewa?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Dambatta cikin Jihar Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ƙanensa ya tafi ci-rani Abuja, ya sami aikin gadina a gidan wani mai hali, kuma cikin aikin har da kula da wani tafki na siminti da masu gidan ke iyo a ciki. Da ya kai masa ziyara sai ya ga abin mamaki. Ruwan nan shuɗi ne, garai-garai, har ana hango ƙasansa, alhali an ce masa an yi wata da watanni ba a canja shi ba. Shi kuwa ya san kududdufin bayan garinsu ba ya kwana goma sai ya yi kore shar. Shi ne yake tambaya: shin bula ake zubawa? Me ke hana shi gansakuka? Kuma aikin yana da wani haɗari ga ƙanen nasa?

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai ba a zuba bula. Bango da ƙasan tafkin ne ake yi wa shuɗin fenti ko shuɗin tayil, sa'an nan kuma ruwa mai tsabta in ya yi zurfi, da ma shuɗi-shuɗi yake yi wa ido.

Dalilin da ya sa ba a canja ruwan kuwa, lissafi ne. Ɗauki matsakaicin tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi. Wannan yana cin ruwa lita 48,000. Wato duro 240 ke nan, ko jarka 1,920 irin mai lita 25 ɗin nan da 'yan garuwa ke turawa a kura. Kai da kanka ka san ba mai zubar da wannan ruwa duk mako, kome kuɗinsa. Saboda haka dabarar ita ce a riƙa wanke ruwan yana nan a inda yake. Abu uku ake yi masa: a motsa shi, a tace shi, a kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki.

Motsawa aikin injin famfo ne. A gefen bango, daidai saman ruwa, akwai wata kafa mai kwando a ciki, wadda ke kama ganye da ƙwari. Inji yana zuƙo ruwa ta nan da kuma ta ƙasan tafki, ya tura shi cikin wata tukunya mai kama da ƙatuwar randa, cike da yashi mai tsabta. Ruwa ya ratsa yashin, dauɗa ta maƙale, shi kuma ya koma tafki ta wani bututu. Akan bar injin nan yana aiki kamar awa 8 a kullum, don ruwan duka ya zaga ta cikin yashin. Ruwan kududdufi kuwa yana kwance ne wuri ɗaya, rana na dukansa, dabbobi na shiga, shi ya sa yake ruɓewa.

Yashin ma yakan toshe. Akwai wani ɗan agogo a kan tukunyar, in allurarsa ta hau fiye da inda ta saba tsayawa, to lokacin wanke yashi ya yi. Sai a kashe inji, a juya hannun famfo yadda ruwa zai bi ta baya, a kunna, ya kwashe dauɗar ya fitar da ita waje. Ka gaya wa ƙanenka kada ya taɓa juya hannun nan inji yana aiki, domin yana lalata shi. In kuma ruwan ya yi gurɓi da ƙura mai laushi wadda yashi ba ya kamawa, akan sa alif, irin wanda matanmu ke kaɗawa a ruwan rafi, dauɗar ta dunƙule ta kwanta a ƙasa, a zuƙe ta da tiyo.

Na uku shi ne magani, wato sinadarin kulorin. Shi ne dai wanda hukumar ruwa ke sa wa ruwan famfo. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Scheele ne ya gano shi a 1774, kuma a 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa shi kullum a ruwan shan jama'a. Yana zuwa a gari, ko ƙwaya, ko ruwa. Abin da ake so a tafkin wanka kaɗan ne ƙwarai, giram 1 zuwa 3 a cikin kowace lita 1,000. A tafkin da muka yi misali da shi, kimanin giram 70 na garin mai ƙarfi ya isa ya ɗaga ma'aunin da lamba ɗaya. Zafin rana yana cinye kulorin, don haka da yamma ake zuba shi, ya kwana yana aiki.

Amma kulorin ba ya aiki sosai sai ruwan ya daidaita tsakanin tsami da kanwa. Mai dafa abinci ta san in tsamiya ta yi yawa a kunu, ɗan ruwan kanwa ke kashe ta. To haka ruwan tafki yake. Masana suna da ma'auni da suke rubutawa pH, daga 0 zuwa 14, lamba 7 ce tsakiya. Ana son ruwan wanka ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura, kulorin ya yi sanyi, ruwa ya yi fari-fari, sai a sa ɗan asid. In ya sauka, yana cin ƙarfe da siminti, yana sa ido zafi, sai a sa garin soda. Ana sayar da 'yar kwalbar gwaji ko 'yan takardu masu canja launi in an tsoma su. Mai kula da tafki ba ya aiki da ka, sai ya gwada tukuna.

Sauran kayan aikin ba su da yawa: raga mai doguwar sanda ta kwashe ganye, buroshin goge bango, tiyon zuƙe dauɗar ƙasa, da tamfol na rufe ruwan. A ƙasarmu hunturu ne babban abokin gaba, ga ƙura ga iska mai shanye ruwa. In tafkin nan ya sauka da rabin santimita kawai a yini, lita 160 ta tafi. Dole a riƙa ƙara ruwa ya kai tsakiyar kafar bango, in ba haka ba inji ya zuƙi iska ya ƙone.

Yanzu sai maganar haɗari, kuma a nan muke so ka buɗe kunne. Kulorin da asid ba sa haɗuwa. In aka gauraya su, ko aka auna su da moɗa ɗaya, wani hayaƙi mai guba yana tashi wanda ke ƙone huhu. Irinsa ne aka yi yaƙi da shi a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915. Kowanne a zuba shi dabam, a bar tazara. Kullum magani ake zubawa cikin bokitin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. Ya sa safar hannu, ya ba iska baya. Kada a ajiye garin kulorin kusa da fetur, kananzir, baƙin mai ko takin zamani, domin yana iya tayar da gobara ko hayaƙi mai guba. 'Yan kasuwa masu sayar da shi a shago ɗaya da taki, wannan gargaɗi har da ku. Haka nan wayar inji ko ta fitilar cikin ruwa in ta sami matsala, a kashe wuta, a kira mai gyara, kada kowa ya shiga ruwan.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne na yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, shiru za a ji, cikin 'yan mintoci an rasa shi. Wannan ne ya sa Faransa ta yi doka a 2003 cewa duk mai tafkin da aka haƙa a gida sai ya sa masa abin kariya, ko shinge, ko murfi, ko rumfa mai rufewa, ko ƙararrawa. Shinge mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, kewaye da tafkin ta ko'ina, da ƙofa mai kulle kanta, shi ya fi. Ƙanenka kuma, in bai iya ruwa ba, ya koya. Kafin nan, in wani ya faɗa, kada ya bi shi, ya miƙa masa sandar raga, ya yi kururuwa.

Wani abin kuma, mai gudawa kada ya shiga tafki, domin akwai ƙwayar cutar da ke yin kwanaki a cikin kulorin ba ta mutu ba. Warin nan mai ƙarfi da jan ido da mutane ke ɗora wa kulorin, yawanci gumi da fitsari ne suka haɗu da shi. Maganinsa kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga.

In masu gida sun yi tafiya aka kashe inji, cikin mako ɗaya ko biyu tafkin zai koma kududdufi, ya zama gidan sauro. An ga haka a Kalifoniya ta Amurka a 2007 da 2008, lokacin da bankuna suka ƙwace gidaje aka bar tafkuna ba mai kula, har hukuma ta riƙa zuba musu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro.

A ƙarshe, Malam, kada ka sayi garin nan ka zuba a kududdufin garinku. Laka za ta cinye shi a banza, ya kashe kifi. Amma ka hana yara wanka a can, saboda tsargiya da ake ɗauka daga ruwan da dodon koɗi ke ciki, kuma ka rufe bakin rijiyar gidanka. Abin da shinge ke yi wa ɗan mai kuɗi a Abuja, shi murfin rijiya ke yi wa ɗanka a Dambatta.

Da fatan ka gamsu. Ka gai da ƙanen naka, Allah ya ba shi sa'ar aiki. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.