Maganaɗisun Fil Ba Shi Ke Ƙona Keken Kwamfuta Ba

Da zarar Sallah ta matso, shagunan teloli daga Unguwar Dosa zuwa Kawo da Badarawa a Kaduna sai su daina rufewa da wuri, kuma a irin wannan lokaci ne jita-jita ta fi yawo tsakanin masu sana'ar. Wadda ta fi damuna ita ce ta ɗan kwanon nan mai maganaɗisu da ake zuba fil a ciki. Wai in aka ajiye shi kusa da keken kwamfuta, ko keken monogiram da ake aikin wuyan kaftani da shi, zai shanye ƙwaƙwalwar keken, zane-zane su goge, fanel ya ƙone. Saboda wannan tsoro wasu sun jefar da kwanon, sun koma cizon fil a baki.

Maganar tana da tushe, sai dai tushen ya tsufa. Kekunan surfani na kwamfuta da aka ƙera a shekarun 1990 da faifan fulofi ake ɗora musu zane. Shi wannan faifai da maganaɗisu ake rubutu a kansa, don haka maganaɗisu na iya ɓata abin da ke ciki. Wanda ya yi gargaɗi a wancan zamani ya yi gaskiya. Amma kamfanin Sony ya daina yin fulofi tun 2011, kuma kekunan yanzu da filash ko kati ake ba su zane. Filash da ƙwaƙwalwar da ke cikin fanel suna riƙe bayani ne ta hanyar cajin lantarki a cikin 'yan ƙananan ɗakuna, maganaɗisun kwanon fil bai da abin da zai yi musu. Haka allon da ake dannawa. Mutane suna tuna yadda maganaɗisu ke ɓata kalar tsohuwar talabijin mai ƙeya, sai su zaci allon keken ma haka yake, alhali ba ginin su ɗaya ba.

Abin da masu yaɗa zancen ba su sani ba shi ne, keken kansa cike yake da maganaɗisu. Motocin da ke tura firam hagu da dama, gaba da baya, har ya fitar da zane daidai, da maganaɗisu suke aiki, kuma a cikin akwati ɗaya suke zaune da fanel shekara da shekaru. Ban da haka, akwai firam masu maganaɗisu da ake sayarwa musamman don manyan kekuna irin su Tajima da Brother, suna matse yadi a ƙarƙashin allura kai tsaye, kuma ƙarfinsu ya ninka na kwanon fil nesa ba kusa ba.

Sannan ga batun tazara, wanda shi ne kan maganar. Ƙarfin maganaɗisu kamar zafin garwashi ne a kasko: ka kai hannu kusa ka janye da sauri, ka ja baya taku ɗaya ka ji kamar ba a hura ba. Ga ƙaramin maganaɗisu, in ka ɗan yi nesa da shi sannan ka ninka tazarar sau biyu, ƙarfin kan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Kwanon da ke gefen tebur, taƙi ɗaya ko biyu daga keken, abin da ke isa fanel daga gare shi bai taka kara ya karya ba.

Ba ina cewa a manna shi a jikin keken ba. Wasu kekuna suna da 'yar na'ura mai jin maganaɗisu wadda ke gaya wa kwamfuta inda allura take, kuma maganaɗisu mai ƙarfi a daidai kanta na iya ruɗa ta. In littafin da ya zo da kekenka ya hana wani abu, bi shi. Wanda har yanzu yake da tsohon keke mai fulofi, kuma akwai su cikin na gwanjo, ya raba faifansa da kwanon, ya kuma raba kwanon da katin banki mai baƙin layi a baya. Fil da ya daɗe a kwanon yakan ɗauki ɗan maganaɗisu ya riƙa liƙewa a ƙarfe. In ya zame ya faɗa inda zaren ƙasa ke juyawa, zai karya allura ko ya ƙwarzane ƙugiya. Wannan ɓarnar ƙarfe ce, ba ta kwamfuta ba.

To me ke ƙona fanel a Kaduna? Wuta. Wutarmu ta gida ma'aunin 230 ce, keken da aka yi don kasuwar Amurka kuwa 120 yake sha, a jona shi babu taransifoma yana iya mutuwa nan take. Ga wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ga ƙaramin janareto da ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna dutsen guga a layi ɗaya da keken. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, teloli suka dogara kacokan ga janareto. Ƙara da ƙurar hunturu da gashin zare da ke toshe iska har fanel ya yi zafi. Abin takaici ne mutum ya zuba miliyoyi a keke, ya ƙi sayen sitabilaiza mai kyau, ranar da ya ƙone kuma ya ɗora laifin kan kwanon fil ko yaron shago. Su ma ƙungiyoyin teloli da masu shirya horon sana'a ga matasa, ya kamata darasin wuta ya zo kafin darasin zane.

Inda maganaɗisu yake da haɗari na gaske jikin mutum ne, kuma nan ne ba a cika magana ba. Masu ƙarfin nan na neodymium, da aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, su ne a cikin firam da wasu maƙalan hijabi. Suna iya sauya aikin na'urar da likitoci ke dasa wa masu ciwon zuciya; a 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci masu irin wannan na'ura su bar tazarar santimita 15 tsakaninta da wayoyi da agoguna masu maganaɗisu. Yaro kuma in ya haɗiye ƙanana guda biyu, suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, sai an yi tiyata. Mata da yawa a Unguwar Dosa a cikin gida suke ɗinki, yara na rarrafe a ƙarƙashin keke. Fil ɗin da aka ciza a baki kuwa, tari ɗaya ko dariya na iya zuƙe shi zuwa huhu, abin da likitoci suka sha gani ga masu ɗaura ɗankwali da hijabi.

Teloli, ku dawo da kwanon fil kan tebur, ku ajiye shi taƙi biyu daga keken, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kafin aikin Sallah ya kankama kuma, a kira mai gyaran wuta ya duba layin shago, a raba layin dutsen guga da na keke.